Daga allon makaranta zuwa faranti bisa soro: tarihin shigowar parabol cikin gidaje

Duk wanda ya hau bene a Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya dubi rufin gidaje, zai ga abin da babu shi a zamanin kakanni: faranta na ƙarfe, manya da ƙanana, wasu bisa soro, wasu a kan katanga, wasu a tsakar gida an tokare su da bulo, dukansu sun ɗaga fuska sama ta wajen kudu. Yara sun tashi sun tarar da su kamar yadda suka tarar da randa da turmi, shi ya sa ba su tambayar asalinsu. Alhali kuwa wannan faranti, da mutanen Nijar ke kira parabol, yana da tarihi mai tsawo, kuma tarihin ya shafi makaranta, ya shafi mulki, ya shafi harshen da ake magana da shi a tsakar gida bayan sallar isha'i. Duk magidancin da ya sayi faranti karo na farko, ya tsaya yana tunanin inda zai kafa shi da inda zai fuskantar da shi, yana maimaita tambayoyin da wasu suka riga shi yi tun shekaru 50 da suka wuce.

Tunanin da ya riga na'ura

Cikin shekara ta 1945, wani marubuci ɗan Ingila mai suna Arthur C. Clarke ya bayyana wani lissafi cikin mujallar Wireless World. Ya nuna cewa idan aka ajiye na'ura a sararin sama, daidai saman layin da ya raba duniya biyu, a nisan kilomita 35,786, to za ta kewaye duniya cikin tsawon lokacin da duniya ke ɗauka ta juya sau ɗaya. Ga mutumin da ke ƙasa, na'urar za ta zama kamar an kafa ta wuri guda. Wannan shi ne sirrin da ya sa faranti ba ya bukatar bin tauraron ɗan'adam daga gabas zuwa yamma: in an daidaita shi sau ɗaya, an gama.

A lokacin babu rokar da za ta iya kai kaya can. Sai a 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, sa'an nan a watan Yuli na 1962 tauraron Telstar ya tsallakar da hoton talabijin daga Amurka zuwa Turai, inda tashar Pleumeur-Bodou ta Faransa ta karɓe shi. Amma Telstar yana kewaya ne ƙasa-ƙasa, saboda haka ƴan mintoci kaɗan ake samunsa kafin ya ɓace. Syncom 3, a 1964, shi ne ya fara zama a wurin da Clarke ya kwatanta, kuma ta hanyarsa aka kai hotunan wasannin Olimfik na Tokiyo zuwa Amurka.

Siffar farantin kuwa ta girmi duk waɗannan. Masana lissafi sun daɗe da sanin cewa akwai wani irin lanƙwasa wanda ke tattara duk hasken da ya faɗo masa kai tsaye zuwa ɗigo guda. Wajen shekara ta 984, Ibn Sahl ya yi rubutu a Bagadaza a kan madubai masu ƙona abu da hasken rana, kuma Ibn al-Haisam ya ci gaba da binciken bayansa. A Nijar ma, masanin nan Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi bincike a kan irin waɗannan madubai domin amfani da zafin rana. Abin da madubin ke yi ma haske, shi faranti ke yi ma saƙon tauraro: saƙon yana isowa ƙasa da rauni ƙwarai, faranti ya tattara shi ya miƙa ma ƙaramar na'urar da ke tsaye a gabansa.

Ƴan koyo na farko

Da farko ba a yi taurarin nan domin gidaje ba. Aikinsu shi ne haɗa babbar tasha da wata babbar tasha, kuma faranta na lokacin sun kai girman gini. Abubuwa biyu suka sauya wannan. Na farko ya faru a Indiya daga 1975 zuwa 1976, sa'ilin da aka yi amfani da tauraron Amurka ATS-6 aka aika shirye-shiryen noma, lafiya da karatu kai tsaye zuwa ƙauyuka 2,400. An ba kowane ƙauye akwatin talabijin da faranti mai faɗin mita 3 wanda aka yi da ragar waya.

Na biyu ya faru a Amurka a 1976. Wani malamin jami'ar Stanford, Taylor Howard, ya harhaɗa tsofaffin kayan aiki a gidansa har ya kama tashar HBO, wadda ta fara aika shirye-shiryenta ta tauraro shekara guda kafin nan. Ya aika ma kamfanin cakin dalar Amurka 100 a matsayin kuɗin kallo, kamfanin ya maido masa, domin ba ya hulɗa da mutum ɗaya ɗaya. Howard ya rubuta littafin jagora ga masu son yin irin nasa, kuma cikin ƴan shekaru manyan faranta suka bazu a karkarar Amurka. A watan Janairu na 1986 HBO ta rufe saƙonta da lambobin sirri, sai wanda ya biya ke gani. Tun daga nan duniyar parabol ta rabu gida biyu, tashoshin kyauta da tashoshin biya, kuma zaɓi tsakanin biyun shi ne hukunci na farko da kowane sabon mai faranti ke yankewa har gobe.

Nijar kafin faranti

Abin da mutane da yawa suka manta shi ne, a Nijar talabijin ta ƙofar makaranta ta shigo. A 1964, da taimakon Faransa, aka buɗe talabijin ta makaranta a Yamai. Ana shirya darussa a ɗakin ɗaukar hoto, ana aika su zuwa ajujuwa, inda mai kula da aji ke bitar darasin tare da yara. A matakin gwaji ajujuwan sun ɗan haura 20, yaran kuma wajen 800 ne. Darussan da faransanci ake yin su, ga yaran da ba su taɓa jin wannan harshe a gidajensu ba. A shekarar nan ta 1964 ne kuma Abdou Moumouni ya fitar da littafinsa a kan ilimi a Afirka, inda ya kare koyarwa da harsunan gida. Tun ranar farko, ke nan, tambayar harshen da akwatin zai yi magana da shi tana nan a tsaye.

An kafa hukumar ORTN a 1967, amma talabijin ta jama'a, Télé Sahel, ba ta kankama ba sai a ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kountché. Tasha ɗaya ce, ta gwamnati, tana buɗewa ƴan awoyi, kuma kallo na taro ne: a dandalin samariya, ko a ƙofar gidan mai hali, inda ake fito da akwatin a ɗora bisa tebur, yara a gaba kan tabarma, manya a baya. A wannan zamani ne wasannin kwaikwayo na hausa, musamman na ƴan wasan Damagaram da na Yazi Dogo, suka shiga zukatan mutane, domin a cikinsu mai kallo yana jin maganarsa da barkwancinsa.

Mutanen bakin iyaka kuwa suna da wata dabara. Sukan ɗaure eriya bisa dogon ƙarfe, su juya ta wajen kudu, su kamo tashoshin arewacin Najeriya in yanayi ya yi kyau. A nan ne suka fara cin karo da matsalar fasaha: Nijar ta bi tsarin SECAM na Faransa, Najeriya ta bi tsarin PAL. Akwatin da aka yi domin ɗaya yakan nuna hoton ɗayan baƙi da fari, sau da yawa kuma babu murya. Saboda haka ƴan kasuwa suka koyi neman akwati mai karɓar tsari biyu. Iyakar da Turawa suka shata a ƙasa sai ga ta har cikin akwati.

Zamanin babban faranti

A ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 aka fara ganin manyan faranta a ofisoshin jakadanci, otal-otal da gidajen manyan alhazai. Faɗinsu yakan kai mita 3 ko fiye, ana kafa su a ƙasa bisa ginshiƙin siminti. Suna aiki ne da zangon da ake kira C, tsakanin gigahaz 3.7 da 4.2. Tsawon igiyar wannan zango wajen santimita 7 ne, shi ya sa ragar waya mai ƙananan huji ke isa ta mayar da saƙon kamar farantin da babu huji. Masu walda na birane ba su daɗe ba suka gane haka, suka shiga ƙera faranta da ƙarfen gini da raga ko langa-langa, suna kwaikwayon lanƙwasar na waje. Wanda ya kuskure lanƙwasar, hotonsa yakan cika da yayyafi. Wanda ya dace, sunansa ya zaga gari.

Abubuwa uku suka haɗu a wannan lokaci. Yaƙin Tekun Fasha na 1991 ya nuna ma mutane, ta tashar CNN, cewa ana iya kallon yaƙi yana gudana. Gani ya kori ji, ga al'ummar da ta saba bin labarin duniya ta sashen hausa na gidajen rediyon waje. A shekarar kuma aka yi babban taron ƙasa a Yamai, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba, wanda ya buɗe ƙofar jam'iyyu da kafofin labarai masu zaman kansu. Sa'an nan tashoshin waje suka yawaita: CFI ta Faransa daga 1989, MBC ta larabci daga 1991, sashen Afirka na TV5, da Canal Horizons ta biya. Ikon da gwamnati ke da shi na zaɓar abin da talaka zai gani da dare ya fara zamewa, domin ana iya rufe gidan jarida, amma da wuya a tsare abin da ke saukowa daga sama.

Sai dai kuɗi sun tsaya a tsakani. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, duk kayan da ake shigowa da su suka yi tsada. Parabol ya ci gaba da zama alamar arziki, kuma masu shi kan ja waya zuwa gidajen dangi da maƙwabta, kowa na kallon tashar da mai gida ya zaɓa.

Ƙaramin faranti da sana'ar saiti

Abin da ya kai parabol gidan malamin makaranta da ɗan tireda shi ne tsarin dijital. Daga tsakiyar shekarun 1990, tsarin DVB-S ya ba da damar matse tashoshi da yawa a gurbin da a da tasha ɗaya ke cinyewa. Sababbin taurari masu ƙarfi suka koma zangon Ku, tsakanin gigahaz 10.7 da 12.75, wanda faranti na santimita 60 zuwa 90 ke iya kamawa inda saƙon ke da ƙarfi. Kamfanin MultiChoice ya buɗe DStv a 1995, Aljazira ta fara a 1996, Masar ta harba Nilesat 101 a 1998. A cikin shekarun 2000 dikoda masu araha, irin su Strong, suka cika kasuwanni ta hanyar Kano, Kwatano da Dubai.

Tare da su aka haifi sabuwar sana'a, ta masu saitin faranti, galibi samari da suka koya a hannun masu gyaran rediyo. Iliminsu ba a makaranta aka ba su shi ba, amma a tsare yake. Mataki na farko shi ne tambayar mai gida abin da yake son kallo, domin tasha ce ke zaɓar tauraro, tauraro kuma ya zaɓi girman faranti. Kowane tauraro yana da mazauninsa: Canal+ na Afirka a digiri 22 yamma, Nilesat a 7 yamma, Eutelsat 16A a 16 gabas, taurarin Arabsat a 26 gabas, DStv a 36 gabas. Wanda ke zaune a gefen inuwar tauraro, kamar yadda kudancin Nijar yake ga Nilesat, sai ya ƙara faɗin farantinsa.

Mataki na biyu shi ne wuri. Tun da taurarin duka suna saman tsakiyar duniya, Nijar kuwa tana arewa da layin, faranti kudu yake kallo; mai saiti kan fuskanci gabas, ya san kudu na hannunsa na dama. Bai kamata bango ko reshen dogon yaro ya tare hanya ba. Maraɗi tana wajen digiri 13 da rabi arewa, saboda haka tauraron da ke daidai kudu da ita yana bisa da kusan digiri 74, kusan tsakar ka, alhali a Paris bai wuce digiri 34 ba. Wanda ya bi hoton da ke cikin takardar jagora ta Turai ido rufe, ƙasa zai nufa, ba zai sami komai ba. Dole kuma sandar da ke riƙe da faranti ta tsaya cak, domin in ta karkace duk lissafin da zai biyo baya ya ɓaci.

Mataki na uku shi ne na'urar LNB da ke gaban faranti, wadda a faransanci ake ce ma kai. Ita ke karɓar saƙon da aka tattara, ta ƙara masa ƙarfi, ta sauko da shi zuwa zangon da waya za ta iya ɗauka. Dikoda ce ke ciyar da ita ta cikin wayar, da wuta mai ƙarfin bolt 13 ko 18, shi ya sa ake kashe dikoda kafin a haɗa ko a cire waya. Ana kuma ɗan murza kan hagu ko dama gwargwadon mazaunin tauraro. Daga nan sai a shigar da lambobin tashar da aka sani a dikoda, a fara juya faranti sannu a hankali. Kuskuren digiri 2 ko 3 ya isa ya ɓatar da hoto. Kafin ƙananan na'urorin awo su yawaita, mutum biyu ke aikin: ɗaya bisa soro, ɗaya a ɗaki gaban akwati yana ɗaga murya, yana faɗin ya hau ko ya sauka. Allon yana nuna layi biyu, na ƙarfi da na inganci, kuma ɗan koyo yakan ruɗu da na farko. Gwani ya san na biyun ne ke kawo hoto.

Akwai kuma abin da sai zama da faranti ke koyarwa. Hadari mai nauyi yana shanye saƙon Ku, hoto ya daskare har ruwa ya wuce, abin da bai cika damun zangon C ba. Iskar farkon damina tana karkatar da farantin da ba a ɗaure da kyau ba. Ruwa in ya shiga mahaɗin waya yakan sa tsatsa. Sau biyu a shekara, cikin Maris da kuma wajen ƙarshen Satumba, rana kan bi ta bayan tauraro, hoto ya ɗauke na ƴan mintoci, ya dawo da kansa. Magidanta da yawa sun biya kuɗin gyara a kan abin da ba lalacewa ba ce.

Da wane harshe sama ke magana?

Da faranti ya shiga gidaje, abin da ya sauko da shi larabci ne, da faransanci, da turanci, da indiyanci. Masu son karatun addini suka sami sallar Makka da Madina kai tsaye. Samari a fada suka sami ƙwallon Turai. Mata da yara suka sami finafinai masu dogon zango. Hausa kuwa, duk da miliyoyin masu magana da ita, ta daɗe ba ta da mazauni a sama. Finafinan Kano, da suka fara da Turmin Danya a 1990, ta kaset da faifai suka yi yawo, ba ta tauraro ba. A cikin gida an sami tashoshi masu zaman kansu, Ténéré a 2000, Dounia a 2007, masu ba da labarai da harsunan ƙasa, amma da farko a manyan birane kaɗai ake kama su.

Sai a 2010 aka buɗe Africa Magic Hausa cikin tashoshin biya na DStv, sa'an nan a 2014 Arewa24 ta fara watsa shirye-shirye da hausa zalla, kyauta, ta tauraro. Tashoshin wa'azi da na finafinai suka biyo sahu. Wannan ci gaba ne babba: yaro a Tasawa da yaro a Zariya da ɗan zongo a Kumasi suna iya kallon shiri ɗaya a dare ɗaya. Amma malaman hausa na Nijar sun san ɗaya fuskar. Hausar da ke saukowa daga tauraro galibi ta Kano ce, haɗe da kalmomin turanci. Karin harshen Gobir, Adar, Arewa, Katsinar Maraɗi da Damagaram ba su cika samun wuri ba, kuma kalmar da yaro bai ji a akwati ba yakan ɗauke ta ta ƙauye. Lokacin da kaka ke yin tatsuniya shi ne daidai lokacin da ake sa fim.

Afirka ta yi ƙoƙarin mallakar taurarinta. Ƙungiyar RASCOM ta harba na farko a 2007, ya sami matsala, aka maye gurbinsa a 2010. Najeriya ta harba NigComSat-1 a 2007, ya mutu a 2008, aka harba wani a 2011. Sai dai mallakar tauraro abu ne daban da mallakar abin da ake ɗorawa a kansa. Tauraro madubi ne: abin da aka aika masa daga ƙasa, shi yake maidowa.

Abin da ya rage ma malamai da ƙungiyoyi

Yanzu wayar hannu ta raba kallon da faranti ya tara, kowa da allonsa a tafin hannu, kuma a 2025 wani sabon ƙaramin faranti, na intanet na Starlink, ya fara aiki a Nijar. A shekarar kuma dokar sake gina ƙasa ta ayyana hausa a matsayin harshen ƙasa. Matsayi a takarda ba ya cika allo. Shirye-shirye ke cika shi, kuma mutane ke rubuta su.

Tarihin nan yana da amfani biyu ga makaranta. Na farko, farantin da ke bisa soro darasi ne da aka riga aka biya kuɗinsa. A jikinsa akwai lissafin kusurwa, akwai labarin ƙasa, akwai kimiyyar haske, kuma ana iya bayyana su duka da hausa. Malamin da ya gayyato mai saiti ya kwance faranti gaban ƴan aji, ya nuna masu dalilin da ya sa yake kallon kudu, ya ba su abin da allo kaɗai ba zai ba su ba, ya kuma ɗaukaka ilimin da ake rainawa. Na biyu, ƙungiyoyin al'adu suna riƙe da abin da tashoshi ke nema kullum: wasan kwaikwayo, tatsuniya, tarihin garuruwa, muryar tsofaffi. Ƴan wasan Damagaram sun cika dandali da kayan aikin da ba su kai wayar da ke aljihun ɗalibi ba.

A 1964 akwatin ya shigo ƙasar a matsayin malami mai magana da harshen da yara ba su ji. Bayan shekaru 60, yana iya magana da harshensu, amma sai in an ba shi abin faɗi. Mai saiti yana iya daidaita faranti cikin awa ɗaya. Zaɓar abin da zai shigo gida, da shirya abin da za a aika sama daga Maraɗi, Damagaram da Tawa, aiki ne da ya rage a hannun iyaye, malamai da marubuta.